Ɗanki Ya Ce To

Al Nahda, Dubai
Watan Disamba

Zuwa ga Addata, Halimatus Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida duka a nan Gyaɗi-Gyaɗi. Yaya ƙafar? Hajiya Wasila mai safarar abaya ta ce ta same ki kina dogara sanda, amma bakin yana nan yadda ta san shi, sai na ce to da sauƙi ke nan. Mu nan lafiya lau. Mai ɗakina Maimuna tana gaishe ki, murar da ta kama ta ta sake ta. Ni kuwa bayan nan ne dai yake tuna mini shekaruna in na daɗe tsaye a sito a Jebel Ali.

Na zaɓi takarda ne don waya ba ta yi mana. Ke kunne ya yi nauyi, ni ba na iya ɗaga murya a gida mai ɗaki biyu, 'yar maƙociyarki da ke riƙe miki wayar kuma kafin mu yi sallama unguwa ta ji. Hajiya Wasila za ta saka wannan cikin kayan abayarta ta kawo miki hannu da hannu.

Maganar ɗanki ce. Tun da kika maido mana shi yana ɗan shekara goma sha ɗaya bai daina tsawo ba, yanzu sai ya sunkuya yake shiga banɗaki. Kin san ya kamu da ƙwallon kwando, wadda ake jefawa da hannu cikin wata raga a sama. A Al Quoz suke yi, cikin wani tsohon sito da aka mayar filin wasa. Ni ban taɓa shiga na zauna ba, in na je ɗauko shi a waje nake jira. Na ɗauka wasan yara ne, zai yi ya bari. Ashe mutanen nesa suna kallonsa.

Kocinsu, wani ɗan Labanan mai yawan magana da hannu, ya kira mu ni da Maimuna. Ya ce wurare biyu ne ke neman yaron, kuma tunda bai cika sha takwas ba sai da sa hannun uba. Sai ya juyo ya ce mini, a gaban yaron fa, “Habibi, kai me kake so wa ɗanka?”

Adda, ɗan fari. Ni da ko sunansa ban taɓa kamawa ba, ni zan buɗe baki a gaban baƙo in ce ga abin da nake so masa? Na ce yaron yana da uwa a Kano, ita ta raine shi, ita ke da magana. Kocin ya kalli Maimuna, ya kalle ni, ya ce, “Wannan fa?” Na ce wannan haihuwarsa kawai ta yi. Maimuna ta ɗaga kai tana duba rufin ɗaki kamar ta ga abin mamaki a can. Mutumin ya dafe kai ya ce, “Khalas, shi ke nan, ku tambayo ta Kanon.”

To ga su. Na farko wata ƙungiya ce a Turkiyya, ta manyan 'yan wasa, masu cin abinci da ƙwallon. Sun kira shi gwaji a bazarar da ta wuce, sun ce ya zo yanzu. Za su ba shi ɗaki, da likita, da mai dafa abinci, kuma abincin na halal ne. An ce masallaci yana bayan gidan. Jirgi daga nan zuwa can ba ya kai rabin yini. Kocin ya ce wanda ya yi wasa da manya da wuri yake girma da wuri, kuma ƙafar ɗan wasa shekarunta kaɗan ne, wanda ya neme ka bana ba lalle ya neme ka baɗi ba. Ya ce akwai yaran da suka tafi karatu suka karye a can, suka dawo ba wanda ya tuna da su.

Na biyu jami'a ce a Amurka. Za su ɗauke masa nauyin karatu, ya yi musu wasa, ya fito da digiri. Kin fi ni sanin makaranta, ba sai na faɗa miki ba.

Na tambayi abokan aiki. Wani ɗan Filifin mai tuƙa motar ɗaga kaya ya ce in ban bar shi ya tafi Turkiyya ba na zalunce shi. Wani Basudane a ofis ya naɗe wando ya nuna mini tabon gwiwarsa, ya ce shi ma dā ɗan wasa ne, digirinsa ne ke ciyar da shi. In kwana da maganar wannan, in tashi da ta wancan. Jiya har kwantenar Legas na kusa rubuta wa Mombasa.

Jami'ar tana son amsa kafin azumi ya kama. Ɗanki ne. Abin da kika yanke shi za a yi.

Ƙaninki,
Gidaɗo

*

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
Watan Janairu

Gidaɗo,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya. Ƙafar tana nan, ni ma ina nan, mun saba da juna. Likita ya hana ni gishiri, na hana shi sanin abin da ke cikin tukunyata. Ka gaishe da Maimuna, ka ce ta daina kwana ƙarƙashin na'urar sanyin nan naku.

Ka ɗora mini kaya, Gidaɗo. Da farko ban ma gane ba. Wace irin jami'a ce take neman yaro da tsawonsa? Duk shekarun da na yi ina riƙe da alli ban taɓa ba wa yaro maki don kansa ya taɓa rufi ba. Karatu zai yi ko tsalle? In duka biyun ne, yaushe zai yi barci? Ita kuma ƙungiyar, yaron da gemu bai gama fito masa ba za a sa cikin ƙarti? Na zauna a tabarma da takardar nan har shayina ya huce.

Kuma wane Rilwanu kake tambayata a kai? Wanda na sani siriri ne, mai tsoron zakara, mai karanta duk abin da ya gani a rubuce, har bayan gwangwanin madara. Wanda kake ba ni labari a hoto kawai na san shi, shi ma hoton kullum kansa a yanke. Na maido muku shi don ya san iyayensa, ga shi kun maido mini da shi cikin ambulan.

Amma ka tambaya, kuma na karanta takardarka har na kusa haddace ta, na lura da abin da ke cikinta. Ga hukuncina: ya tafi Turkiyya.

Ga dalilaina, in wani ya tambaye ka. Ƙasa ce da zai ji kiran salla. Kusa take da ku, in ya yi zazzaɓi uwarsa za ta iya zuwa. Karatu kuma ba ya tsufa, na koyar da matan da suka zo aji da jikoki a baya, amma ban taɓa ganin mai furfura yana tsalle a biya shi ba. In Allah ya ba yaro abu a ƙafarsa, to ya yi amfani da shi tun ƙafar tana jin maganarsa.

Kada ka sake tambayata, hannuna ma ya gaji da rubutun nan. Allah ya sa haka ya fi alheri.

Na ba Hajiya Wasila yaji da kuka da daddawa. Akwai shadda ta Rilwanu, na sa an ƙara yadi, in bai isa ba ku yi masa 'yar shara.

Addarka,
Sa'adiya

*

Al Nahda, Dubai
Watan Fabrairu

Adda,

Assalamu alaikum. Ina fatan jiki da sauƙi. Mu dai lafiya, sai zaman jira. Har yau ba amsarki. An ce bizar Hajiya Wasila ce ta maƙale, tana Kano da kayanta a ɗaure. Na kira ki ranar Juma'a, na ce yaya maganar nan, kika ce ai kin ci abinci. Na sake faɗa, kika ce, “Na rubuto maka,” kika kashe. Wannan zan ba Ɗanladi mai jigilar kaya, zai taho gida.

Kocin ya dame ni. Kullum sai ya turo saƙo, yalla, yalla, a yi sauri, mutanen jami'a suna jira. Sai na ce a raina, me ma nake jira? Malamar makaranta aka tambaya, makaranta ko ƙwallo. Ko a mafarki na san amsar. Don haka bayan la'asar, muna zaune a falo, ƙofar ɗakin yaron a buɗe, na ce wa Maimuna da ƙarfi yadda zai ji, “Ina ganin ta Kano jami'a za ta ce.” Haka muke magana da shi a gidan nan, ni in faɗa wa Maimuna, Maimuna ta faɗa wa labule. Daga cikin ɗakin aka ce, “To.”

Ban san me wannan “to” ɗin ke nufi ba. Da dare ya cinye tuwonsa, ya ƙara da nawa. Da safe na ji shi yana waƙa a banɗaki, abin da ban taɓa ji ba. Maimuna ta ce murna ce. Ni na ce wani in ransa ya ɓaci ci yake yi. Ita ta san shi ne ko ni? Ba wanda ya sani a cikinmu, mun yi ta gardama a kan yaron da ke bayan bango ɗaya da mu.

Ni dai, tunda takarda ce ba baki ba, barcina ya dawo tun ranar.

Adda, na ajiye biro a nan na tafi aiki. Na dawo na tarar Hajiya Wasila ta sauka, ta aiko da yajin da takardarki. Na karanta a tsaye. Na zauna na sake karantawa. Na ba Maimuna ta karanta, ko idona ne. Ta ce ba idona ba ne, Turkiyya kika rubuta.

Kaina ya ɗaure. Ke da kika taɓa bin ɗan maƙoci har tasha kika sauko da shi daga motar Legas don ya gama aji shida? Amma na bi dalilanki ɗaya bayan ɗaya, ban ga na turewa ba. Wataƙila kin hango abin da ban hango ba. Kuma ni na ce abin da kika yanke shi za a yi, ba zan ja da ke a kan yaron da kika goya ba.

Na koma falo na ce wa Maimuna, da ƙarfi, “Ashe Turkiyya ta ce.” Daga cikin ɗakin aka sake cewa, “To.” Irin wancan “to” ɗin ne sak, ko kuma kunnena ne bai iya bambancewa ba.

Gobe zan je wurin koci in sa hannu, a sallami mutanen jami'a. Shaddar ta isa, har da ragowar hula.

Ƙaninki,
Gidaɗo

*

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
Farkon azumi

Gidaɗo,

Salamu alaikum, ina lafiya, kuna lafiya, an gama gaisuwa. Ɗanladi sai da ya biya Legas da Kaduna kafin ya tuna da takardarka a aljihunsa.

Barcinka ya dawo? Barcinka ya dawo da ka ɗauka jami'a zan ce? To kai wanne kake so, bawan Allah?

Ɗauko hankalinka ka ji. Takardarka ta farko tana nan a gabana. Ƙungiya ka ba ta ɗaki, ka ba ta likita, ka ba ta mai dafa abinci, har masallaci ka gina mata. Jami'a ka ba ta layi uku kamar mai biyan gaisuwar dole. Na ce ƙanina Turkiyya yake so, kunya ce ta hana shi faɗa, yana tsoron malamar makaranta za ta tare hanya. Sai na yi maka kara. Na zauna na ƙirƙiro dalilai, kuma Allah ya sani kuka na yi bayan na liƙe ambulan ɗin. Ni jami'a nake so masa. Tun yana karanta gwangwanin madara nake so masa ita.

Yanzu na rasa gane komai. In kai ma ita kake so, me ya sa ka yi wa ɗayar ado? In kuma ba ka sa hannu ba tukuna, to ka tsaya cak.

Sai abu na biyu, shi ne babba. Yaro ya ci tuwo biyu ya yi waƙa, ku kuna falo kuna duba kamar masu bugun ƙasa. Ba shi da baki ne? Ni ce 'yar fari a gidanmu, Gidaɗo, kai ba ka san wannan zaman ba. Baffa, mahaifinmu, har ya koma ga Allah ban ji sunana a bakinsa ba. Na san yana so na, kowa ya ce yana so na, amma duk abin da ya shafe ni ta bayan zana nake jin sa, ni ma in ce to. Da yawan waɗannan “to” ɗin ban san me nake amsawa ba. A Kano wannan zaman yana yiwuwa, akwai kawu, akwai goggo, akwai kaka da yaro zai je ya faɗa wa cikinsa. A gidanku mai ɗaki biyu wa yake da shi? Labule?

Na janye hukuncina. Tunda ka ce ni ke da magana, ga maganar: ka kira shi da sunansa, Rilwanu, sunan da kai ka raɗa masa, ka tambaye shi me yake so. Ba ta bakin Maimuna ba. In kunya za ta kashe ka, ta kashe ka bayan ka tambaya.

Wani ɗan unguwarmu zai taso jibi sayen kayan salla, shi zan ba.

Sa'adiya

*

Al Nahda, Dubai
Bayan ƙaramar salla

Adda,

Assalamu alaikum. Barka da salla, Allah ya maimaita mana. Ina fatan azumin bai taɓa ƙafar ba. Maimuna lafiyarta ƙalau, sai dai ta rage magana. Ki yafe mini jinkiri, na ɗauki biro sau da yawa ina ajiyewa.

Kin tambaye ni me ya sa na yi wa ƙungiya ado. Don na tabbata jami'a za ki ce, sai na ga bai kamata in nuna ina tura ki inda nake so ba. Na ce bari in ba ɗayar haƙƙinta, kada a ce uba ya sa baki a maganar ɗan fari. Ni ma kara na yi miki.

Takardarki ta zo na riga na sa hannu. Duk da haka na yi abin da kika ce. Na je ɗauko shi daga Al Quoz da yamma, muka shiga cunkoson hanyar Sharja, magariba ta kama mu a mota. Wasu samari masu raba buɗa-baki a bakin titi suka miƙo mana dabino da ruwa ta taga. Na ga ga dama, idona yana kan hanya, ba sai na kalle shi ba. Na ce, “Rilwanu.”

Adda, juyawa ya yi ya duba kujerar baya.

Na sake faɗa. Na ce, “Kai wanne kake so?”

Ya daɗe yana juya ƙwallon dabino a hannunsa. Sannan ya ce, “Jami'a, Abba.” Ya ce tun da ya dawo daga gwaji ya sani. Mutanen can magidanta ne, wasu da 'ya'ya, ture shi suke yi kamar kwali. Ya ce tsawo yake da shi, ƙarfi da saura. Yana son ya yi shekaru cikin sa'o'insa, jikinsa ya cika, ya karanci aikin gyaran gaɓoɓin 'yan wasa, in ƙwallon ta karɓe shi to, in ta ƙi yana da abin yi. Ya tsara komai, har sunan darussan ya sani.

Na ce, “To me ya sa ka ce to?”

Ya ce, “Goggo ta yi magana. Kuma na ɗauka kai ka roƙe ta ta faɗa.” Na ce ni? Ya ce ai yana ganina. Duk ranar wasa yana hango ni ta tsagar ƙofar lodi, ina tsaye a rana ina leƙe. Ya ce mutumin da zai tsaya cikin zafin Dubai haka, lalle ƙwallon yake so, sai ya ga bai kamata ya hana ni ganinsa cikin manya ba.

Ni ko dokar wasan ban sani ba, Adda. Ban san me ya sa ake busa usur ba. Shi nake kallo.

Washegari muka je wurin koci mu biyu. Da ya gama jin labarin sai ya zauna, ya ce, “Wato uban yana son jami'a, uwar Kano tana son jami'a, yaron yana son jami'a?” Na ce haka ne. Ya ce, “Kuma Turkiyya zai tafi?” Na ce haka takarda ta nuna. Bai ma ɗaga hannu ba wannan karon. Ya rubuta wa mutanen jami'ar, suka amsa da ladabi cewa sun ba wani yaro gurbin. Ƙungiyar kuma ta riƙe sa hannuna. Na tambaya ko in ya yi shekara biyu zai iya komawa karatun da wasa tare, kocin ya ce ƙa'idojin suna da wuya kuma suna canzawa, ba zai yi mini alkawari ba.

Maimuna da ta ji, ta ce ita ma jami'a take so, ba wanda ya tambaye ta ne.

Rilwanu ya tafi bayan salla da shaddarki a jikinsa. Kin ga na rubuta sunan, hannuna bai karye ba. A filin jirgi sai da ya sunkuyo sosai kafin in kai kafaɗarsa. Ban ji kunya ba, baƙin ciki na ji, kuma har yanzu ina jin sa. Ba na ganin laifinki, kada ki ga nawa da yawa.

Ya kira jiya, ni ya kira, ba uwarsa ba. Masallacin yana nan bayan gidan kamar yadda aka ce. Ya ce akwai karatun da ake yi ta intanet, ko ya fara bana, ko ya bari ya saba da wurin tukuna, me na gani? Har na buɗe baki na ce, “Bari in rubuta wa Goggonka,” sai na kama kaina. Na ce, “Kai me ka gani?”

Ya ce zai yi tunani ya faɗa mini. Ina jira.

Ƙaninki,
Gidaɗo